Kimiyya a Tsakar Gida: Me Ya Sa Zubar da 'Ya'yan Mage Ba Ya Rage Maguna?

Darasin wannan makon daga bayan rumbu muka tsinto shi, kuma da ɗan nauyin zuciya muka rubuta shi, domin da laifinmu a ciki.

A wani hutu da ya gabata mun je gida, ƙauyenmu da ke ƙasar Ɗambatta a arewacin Kano. Wanda ya san yankin, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa, Bichi, Minjibir da Dawakin Tofa, ya san yadda yake. Gona manne da gona, gida na hango gida, kusan babu wani fili da aka bari ya huta. Kowace shekara ana nome ƙasar, ana kai mata takin gida, kuma abin da aka samu na gero da dawa da wake da gyaɗa shi ne abincin gidan har wata kakar. Shi ya sa rumbu yake da daraja a wajenmu, shi ya sa kuma kusan kowane gida yake da mage.

Kwana biyu da isarmu, magen gidanmu ta haifi 'ya'ya huɗu a cikin wani tsohon kwando a bayan rumbu. Wannan ce haihuwarta ta uku a cikin abin da bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Da Baba ya ji labari sai ya kira ƙanenmu, ya ce, "Kai, nemi buhu ka kwashe su ka kai bayan gari."

Inna ta ce, "Haba Malam, ko idonsu fa bai buɗe ba."

Baba ya ce, "To ke za ki ciyar da su? Gidan mutane ne nan ko gidan maguna?"

Muna zaune muna ji, muka yi shiru, saboda ba mu da wata hujja da za mu kawo. Yaron ya ɗauki buhun ya fita jikinsa a sanyaye. Kwana uku magen tana zagaya gida tana kuka, tana leƙa kwando, nononta ya cika ya kumbura. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne, ba a rufa mako biyu ba sai ga ihun maguna ya dawo kan katangarmu da tsakar dare, muzurai har uku suna ta faɗa. Baba ya fito da tocila yana cewa wannan mage ba ta da kunya. Da muka koma makaranta muka shiga ɗakin karatu, a nan muka gane cewa mu ne muka jawo wannan dawowar da sauri. Bari mu bi abin daki-daki.

Yaushe mage take balaga?

Mage tana balaga da wuri ƙwarai. Yawanci tsakanin wata 5 zuwa 9 take fara neman barbara, wasu ma tun suna wata 4. Wato ƙaramar magen da aka haifa da kaka, kafin damina ta kankama ita ma tana iya zama uwa. Muzuru yakan ɗan fi ta jinkiri kaɗan.

Abin da ke kunna mata wannan yanayi shi ne tsawon hasken rana. Idan wuni ya kai kimanin awa 12 ko fiye, ƙwaƙwalwarta takan aika wa jiki saƙo cewa lokacin haihuwa ya yi. A ƙasashe irin su Ingila, inda wuni yake gajarcewa ya koma ƙasa da awa 8 a watan Disamba, maguna sukan huta da haihuwa a lokacin sanyi, su dawo idan wuni ya fara tsawo. Mu kuwa a Kano wuninmu ba ya canzawa sosai. Mafi gajarta a Disamba kimanin awa 11 da rabi ne, mafi tsawo a Yuni kusan awa 13. Saboda haka magenmu ba ta da wani dogon hutu, tana iya ɗaukar ciki a kusan kowane lokaci na shekara.

Kukan da muke ji da dare

Idan mage ta shiga lokacin barbara, alamunta ba sa ɓuya. Za ka ji ta tana wani dogon kuka kamar na jariri, tana birgima a ƙasa, tana goga jiki da ƙafar mutane da turmi da ƙofa. In ka shafa bayanta sai ta kwantar da gaba, ta ɗaga baya, ta kauda jela gefe. Wata ma takan rage cin abinci, ta ɓace daga gida kwana ɗaya ko biyu. Ba ciwo ba ne, ba kuma aljanu ba ne kamar yadda wasu yara suke tsorata junansu da dare. Kiran muzurai take yi, su kuma suna jin kukan da ƙanshin jikinta daga nesa.

Wannan yanayi yakan ɗauki kimanin mako ɗaya. Idan ba ta samu muzuru ba sai ya lafa, bayan mako biyu zuwa uku ya sake dawowa, haka zai yi ta maimaituwa har sai ta ɗauki ciki. A yanki irin namu da gidaje suke kusa da juna, kuma darni ko katanga ba ta tare muzuru, da wuya mage ta yi wannan kiran bai samu amsa ba.

Ga wani abu da 'yan ajin Bayoloji ya kamata su riƙe. A jikin ɗan Adam da saniya da tunkiya, ƙwan haihuwa yana fita da kansa idan lokacinsa ya yi, ko an sadu ko ba a sadu ba. A jikin mage kuwa, galibi barbarar ce da kanta take sa ƙwan ya fito. Gaban muzuru yana da wasu 'yan ƙananan ƙayoyi masu kallon baya. Idan ya gama zai janye, ƙayoyin sukan karce ta, wannan ne yake sa ta tsala ihun nan mai firgitarwa ta juyo ta kai masa yakushi. Wannan karcewar ce kuma take aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, a saki sinadarin da zai sa ƙwai ya fito bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Zomo da raƙumi ma haka tsarinsu yake. Amfanin tsarin a bayyane yake: ƙwai ba ya fita a banza, sai lokacin da maniyyi yake jiransa, don haka da wuya barbara ta tashi ba ciki.

Sau ɗaya ba kasafai yake isa ba, shi ya sa mage takan yarda da barbara sau da yawa a cikin 'yan kwanakin, kuma ba lallai da muzuru ɗaya ba. Tunda ƙwai da yawa take saki, 'ya'yan ciki ɗaya suna iya zama kowa da ubansa. Wannan yana cikin dalilan da ke sa ka ga haihuwa ɗaya amma wannan baƙi, wannan fari, wannan mai zane-zane.

Tunda muna maganar launi, ga wata 'yar gasa da za ku iya cinye abokanku da ita. Duk magen da kuka gani mai launi uku, ja da baƙi da fari, ku ce mace ce, da wuya ku faɗi. Ƙwayar gadon da ke ba da ja ko baƙi tana kan kuromosom X. Mace tana da X biyu, don haka tana iya ɗaukar ja a ɗaya, baƙi a ɗaya. Namiji X ɗaya gare shi, sai dai ya ɗauki ɗaya daga ciki. Wata masaniyar kimiyyar gado 'yar Ingila mai suna Mary Lyon ce ta bayyana a 1961 cewa a jikin mace kowace ƙwayar halitta tana kashe aikin X ɗaya ta bar ɗaya, abin da ke sa launin ya fito faci-faci.

Daga ciki zuwa yaye

Cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne a mafi yawan lokuta, wato mako tara. A wajen mako na uku kan nononta yakan yi ja ya ɗan girma. Daga mako na biyar ciki yakan fito fili, cin abincinta ya ƙaru. Idan haihuwa ta matso sai ta fara neman wuri mai duhu da ɗumi wanda ba a yawan zuwa, kamar ƙarƙashin gado, cikin kwando, bayan buhuna ko ƙasan rumbu.

Yawanci takan haifi uku zuwa biyar, haihuwar fari kuma takan fi ƙaranci. Kowane ɗa yana zuwa a cikin 'yar jakarsa, uwar ta yage ta da harshe, ta lashe shi har ya yi numfashi, ta datse cibiya da haƙori, sannan ta cinye mabiyiya. Wasu in sun hango ta tana wannan sai su ce tana cin 'ya'yanta, alhali tsaftace wurin take yi don kada ƙarni ya jawo abin da zai cutar da su.

Jaririn mage nauyinsa kimanin giram 100 ne. Ba ya gani, ba ya ji. Sai bayan kwana 7 zuwa 10 idonsa yake fara buɗewa. A makonni ukun farko ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa, sai ya jingina da uwa da 'yan'uwansa. Ko fitsari da kashi ba ya iya yi sai uwar ta lashe masa ƙasan ciki. Dakashin da yake sha a ranar farko shi ne rigakafinsa daga cututtuka. Wajen mako huɗu yake fara taɓa abinci, yaye kuma yakan kammala a wajen mako takwas. A tsakanin nan ne uwar take kawo musu ɓera, da farko matacce, daga baya mai sauran rai, suna koyon farauta a gabanta.

Wanda ya fahimci wannan ya san abin da ya sami waɗanda aka kai bayan gari a buhu. Ɗan magen da idonsa bai buɗe ba, in aka raba shi da uwarsa, ba ya rayuwa. Sanyi da yunwa ne za su gama da shi, in shaho ko kare ko tururuwa ba su riga su ba. Mukan ce mun zubar da su ne don mu kauce wa cewa mun kashe su, amma sakamakon ɗaya ne.

Lissafin da ya ba mu kunya

Yanzu ga amsar tambayar da muka sa a kan wannan rubutu. Shayarwa tana danne dawowar barbara. Muddin 'ya'ya suna tsotso sosai, yawancin maguna ba sa komawa neman muzuru sai bayan yaye da mako ɗaya zuwa uku, ko da yake akwai waɗanda suke komawa tun suna shayarwa. Amma da zarar an ɗauke 'ya'yan tun suna jarirai, tsotso ya tsaya, jikin uwar sai ya ɗauka aiki ya ƙare, cikin mako ɗaya ko biyu ta sake shiga barbara.

Ku ɗauko biro mu lissafa. Magen da aka bar wa 'ya'yanta: ciki mako 9, shayarwa mako 8, dawowa kimanin mako 2, jimla mako 19. Raba makonni 52 na shekara da 19, bai kai haihuwa uku ba. Magen da aka kwashe wa 'ya'ya ranar da ta haihu: ciki mako 9, dawowa kimanin mako 2, jimla mako 11. Raba 52 da 11, ya haura huɗu. Wannan lissafin takarda ne, a zahiri ƙarfin jikinta da abincin da take samu suna rage shi, amma inda ya dosa a fili yake. Duk sanda muka aiki yaro da buhu, mun matso da haihuwa ta gaba da kusan wata biyu. Muna so mu rage maguna, sai muka ƙara yawan ciki, muka kuma ƙarar da uwar, don ciki a kan ciki yana ramar da ita, nonon da ya cika ba a sha ba kuma yana iya yi mata ciwo.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Wani zai ce, duk wannan dogon bayani a kan mage? To mu tuna abin da ya haɗa mu da ita tun asali. Magen gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya. Lokacin da mutane suka fara noma suna ajiye hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, kyanwa ta biyo ɓerayen. A tsibirin Saifurus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 inda aka binne mutum da mage kusa da juna. Wato rumbu ne ya ƙulla zumuncin, kuma har yau a ƙauyukanmu a bakin rumbun yake.

Abokin gabar kuwa ya fi ta saurin haihuwa. Ɓeran nan mai yawan nonuwa da ke shiga gidaje da gonaki a Afirka ta Yamma cikinsa kimanin mako uku ne kacal, kuma yana iya haifar goma ko fiye a ciki ɗaya. Shi ne kuma yake ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau, wadda take yaɗuwa ta fitsari da kashinsa a kan abinci, kuma ta fi tashi da rani. Mage ita kaɗai ba ta isa ta kare gida ba. Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, don haka rufe abinci da toshe ramuka da share tsakar gida suna wuyanmu. Amma gidan da yake da lafiyayyar mage, ɓera ba ya sakewa a cikinsa. Duk wanda ya taɓa buɗe rumbu ya tarar da zangarniya ta koma ƙaiƙayi ya san darajarta, haka ma masu ajiye buhuna a shaguna, tun daga kasuwar ƙauye har zuwa Dawanau.

Addininmu ma bai bar maganar ba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ba da labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba har ta mutu. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi kuwa, laƙabinsa na Abu Huraira daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ya samo shi.

Abin da za mu iya yi

Na farko, mu riƙa ƙirga. Daren da kuka ji ihun barbara, ku rubuta kwanan watan a bayan littafinku, ku ƙirga mako tara. Kun san makon haihuwa ke nan, kuma kuna da wata biyu na neman masu so kafin ta haihu, da wasu wata biyun kafin yaye.

Na biyu, a bar 'ya'ya da uwarsu har mako takwas. Wanda ya kai haka yana cin abinci da kansa, ya fara koyon farauta, kuma shi ne wanda maƙwabci zai karɓa da murna.

Na uku, a tanadar mata kwando ko kwali da tsumma a wurin da ba hayaniya, a hana yara yawan ɗaukar jariran. Yawan damu ne yake sa ta kama su ta ƙeya tana sauya musu wuri. A ƙara mata abinci da ruwa. Mage mai cin nama ce, tuwo zalla ba ya riƙe mai shayarwa, don haka kan kifi ko ragowar nama yana taimaka mata. Madarar shanu kuma takan sa 'ya'yan gudawa.

Na huɗu, kada a ba mage maganin mutane. Parasitamol guba ne a gare ta, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka kuma kada a ɗirka mata maganin tsarin iyali na mata da sunan hana ta haihuwa.

Na biyar, hanya tabbatacciya ta tsayar da haihuwa ita ce aikin likitan dabbobi, a cire wa mace mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, ko a yi wa muzuru fiɗiya. Ana yi a asibitocin dabbobi na cikin birnin Kano, da asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Mun san kuɗin aikin da na mota ba kowane gida ne zai iya ba, amma wanda yake da hali ya gwada, magen da aka yi wa aikin ba ta daina kama ɓera. Kada dai wani ya ce zai yi a gida da reza.

Na shida, mu kula da lafiyarmu. Mai juna biyu kada ta kwashe kashin mage, don akwai wata ƙwayar cuta a cikinsa da ke iya cutar da ɗan da ke ciki. Wanda mage ta ciza ko ta yakusa har jini ya fito, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na kimanin minti 15, ya tafi asibiti, saboda ciwon haukan kare yana kama mage ma.

Mu koma gidanmu. Da muka gama wannan karatu, muka tuna daren da Baba ya fito da tocila, muka ƙirga mako tara, muka buga wa Inna waya muka faɗa mata makon da magen za ta haihu. Ta yi dariya ta ce, "Yanzu kuma bokon naku har duba ya koya muku?" A cikin makon kuwa magen ta sauka, 'ya'ya uku. Wannan ne ya sa Baba ya tsaya ya saurari lissafin mako 19 da mako 11 har ƙarshe. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To a bar su, amma ranar da suka cika wata biyu ban yarda in ga ko ɗaya ba." Ƙanenmu, wanda ya ɗauki buhu a wancan karon, shi ya zagaya neman masu so. Gwaggonmu ta ƙauyen gaba ta karɓi ɗaya, wani mai shagon hatsi a kasuwarmu ya karɓi ɗaya. Ta ukun, mai ja da baƙi da fari, tana nan a gida har yanzu, kuma Baba da kansa yake ajiye mata kan kifi. Mun riga mun gaya wa Inna cewa mace ce, kuma nan da 'yan watanni sai an sake ɗauko biro.

Tambayar wannan makon: idan an ji ihun barbara a daren 1 ga Maris, a wane mako ake sa ran haihuwa, kuma a wane wata ya kamata a raba 'ya'yan? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga sunayen waɗanda suka dace.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.